Yadda Ake Kashe Ƙwayoyin Cuta a Gida da Fitilar UV-C, da Inda Ba Ta Aiki

Tun zamanin korona ake yi mini tambaya a kan yadda ake amfani da fitilar UV-C, wato fitilar da haskenta ke kashe ƙwayoyin cuta, har yau kuma tambayar ba ta daina zuwa ba. Wata baiwar Allah ta ce maigidanta ya sayo mata fitilar saboda ɗakin jariri, sai ta tarar takardar da ke cikin kwalin da Sinanci aka rubuta ta. Wani mai shagon aski yana son sanin ko akwatin nan mai shuɗin haske ya wadatar wajen tsabtace kilifa. Wani kuma tsohuwarsa ce ke jinya a gida, yana tsoron kada ta ɗauki wata cutar a kan wadda take fama da ita. Maimakon in yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya, ga bayanin wuri guda, daki-daki.

Ku riƙe abu biyu kafin mu shiga aiki. Na farko, hasken UV-C abin da ya faɗa wa kai tsaye kaɗai yake kashewa. Duk ƙwayar cutar da ta samu inuwa, ko da ta ƙwayar ƙura ce, ta tsira. Na biyu, yadda yake lalata ƙwayar cuta haka yake ƙona idon mutum da fatarsa. Don haka fitilar nan bayan sabulu da bilic take zuwa, kuma ba a kunna ta da mai rai a cikin ɗaki.

Kayan da za a tanada

Fitilar kanta, mai rimot ko mai agogon da ke jinkirta kunnawa. Idan ba ta da ko ɗaya, a nemi doguwar wayar wuta da za ta kai har wajen ɗakin, yadda za a kunna a kashe ƙofa tana rufe. Sai tef na awo, agogo, katin gwajin UV-C, tabarau na kariya mai rufe gefen ido, safar hannu, riga mai dogon hannu, bokiti, omo, bilic, sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, da tsumma mai tsabta. A ƙara da kwali da maka don rubuta gargaɗi a ƙofa.

Farashi yana bin dala, don haka ku tambaya a shago biyu ko uku kafin ku biya. Dogon ƙwai tsura da gidansa ya fi araha a kan haɗaɗɗiyar fitila mai rimot da na'urar da ke kashe ta idan ta ji motsin mutum, amma a gidan da ke da yara ni wannan ta biyun zan ce a saya. Wuta kam ba ta ci: fitila mai wat 30 sai ta yi wajen awa 30 a kunne kafin ta cinye yunit ɗaya a mita.

Mataki na 1: A tabbatar UV-C ce ta gaske

A nan yawancin mutane ke asarar kuɗinsu. Hasken UV kashi uku ne, A da B da C, kuma mai kashe ƙwayoyin cuta shi ne C, wanda zangonsa bai wuce nanomita 280 ba (nanomita, ko nm a taƙaice, shi ne ma'aunin da ake bambance nau'o'in haske da shi). Fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita, da ta busar da farce a shagon kwalliya, da shuɗiyar nan ta tarkon ƙwari, duk UV-A ne. Ba su yin wannan aikin.

Ku duba jikin ƙwan ko kwalinsa. Dogon ƙwai mai zaiba a ciki za a ga an rubuta 254 nm, wani lokaci 253.7 nm. Irin na LED kuma tsakanin 265 da 280 yake. Idan kuka ga 365, 395 ko 405, ku ajiye, ba ita ba ce. Idan babu lamba ko ɗaya sai hoton ƙwayar cuta da alƙawarin kashe kashi 99.9 cikin daƙiƙa goma, nan ma ku ajiye.

Ƙwan na gaske garau yake kamar ruwa, ana hango wayoyin cikinsa. Ba shi da farar hodar nan ta dogon ƙwan da muka saba gani a ofis da makaranta. Idan an kunna, haskensa shuɗi ne fayau, bai da ƙarfi. Ku sani wannan shuɗin da ido ke gani ba shi ne mai aikin ba. Mai aikin ba a ganin sa sam. Shi ya sa 'yan damfara ke jera ƙananan fitilu masu launin shunayya a sanda su sayar, mai saye ya ga haske ya gamsu. Kamfanoni irin su Philips da Osram suna buga takardar da ke nuna ƙarfin hasken kowane ƙwai a tazarar mita ɗaya, kuma wannan lambar ce za ku buƙata a mataki na 5.

Ku duba wutar da take ɗauka. Tamu 220 zuwa 240 ce. Wadda aka yo tsaraba daga Amurka tana iya zama ta 110, kuma da an soka ta a soket ta ƙone.

Gargaɗi: wasu ƙwayayen suna fitar da zango 185, wanda ke haifar da ozon a ɗaki, wata iska mai kaifin wari. Ana tallata su da cewa iskar tana shiga lungun da haske bai kai ba. Ozon yana shaƙe ƙirji, yana tayar da asma, kuma jarirai da tsofaffi ne suka fi jigata da shi. Don gida, ku nemi wadda aka rubuta ba ta fitar da ozon.

Gargaɗi na biyu: sandar nan ta hannu da ake shafawa a kan kaya. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ja kunnen jama'a a kan wasu nau'o'inta, bayan gwaji ya nuna suna fitar da hasken da zai iya raunata ido da fata cikin daƙiƙoƙi. Wasu kuma rauninsu ya kai ba abin da suke kashewa a ɗan shafawar da ake yi. Ga shi mai riƙe da ita yana tsaye a kanta. Ba na ba kowa shawarar sayen ta.

Mataki na 2: A gwada ta

Katin gwaji ɗan ƙaramin kwali ne mai ɗigo a tsakiya, yana canja launi gwargwadon hasken UV-C da ya sha, da jadawalin launuka a gefe. A ajiye shi mita ɗaya daga fitilar, a fita, a kunna na minti biyar, a kashe, a dawo a duba. A kula, akwai katunan da ke canja launi ko da UV-A ne, don haka a sayi wanda aka rubuta na 254 ne.

Wanda bai samu kati ba, ya nemi ɗanyar ayaba mai koren ɓawo. Ya naɗe rabinta da takardar alminiyam, ya ajiye ta kamar taƙi ɗaya daga fitilar na rabin awa. Idan UV-C ce ta gaske, ɓangaren da ke buɗe zai yi duhu kamar an babbaka shi, wani lokaci sai bayan wasu awoyi yake fitowa sosai, na cikin takardar kuma yana nan kore shar. Wannan yana nuna akwai hasken ne kawai, bai nuna yawansa ba. Duk da haka ya isa ya tona asirin ta bogi.

Mataki na 3: A wanke, a goge, a bar shi ya bushe

Wanda ya tsallake wannan matakin gara ma kada ya kunna fitilar. Hasken UV-C ba ya ratsa datti. Maiƙon miya a kan tebur, majinar yaro da ta bushe a hannun kujera, shatin yatsa a fuskar waya, ƙurar hunturun da ke kwanciya a kan kaya tun kafin azahar ko da an goge da safe, kowanne rumfa ce ga ƙwayar cutar da ke ƙarƙashinsa.

A fara da shara, sannan a goge da ruwan omo daga sama zuwa ƙasa, daga wuri mai tsabta zuwa mai datti. Wuraren da hannu ke yawan taɓawa, irin su mariƙin ƙofa, makunnin wuta, kan famfo, murfin masai da ƙarfen gado, a bi su da ruwan bilic. A duba jikin robar: idan ƙarfinsa kashi 3.5 ne, kamar yadda aka saba gani a kasuwa, cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya ta ruwa ya bayar da kashi 0.1, wanda ya isa goge-gogen yau da kullum. Inda jini ko amai ya zuba, mudu ɗaya na bilic a mudu shida na ruwa, wato kashi 0.5. A bar shi a jiƙe aƙalla minti ɗaya kafin a goge. Haɗin kwana ɗaya yake yi, gobe a sake sabo. Waya da rimot da kwamfuta kuwa sifirit ake sa wa a tsumma a goga, ba bilic ba.

Gargaɗi: kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid ko wani sinadarin. Hayaƙin da ke tashi yana iya sumar da mutum a banɗaki.

Za ku ce to idan an yi duk wannan, me ya rage wa fitilar? Kaɗan ne, gaskiya. Tana kama abin da tsumma ya tsallake da wuraren da ba a son ruwa ya taɓa. A gidan da kowa ke lafiya, ba na ganin ana buƙatar ta. A ɗakin majinyacin da garkuwar jikinsa ta yi rauni, ko ɗakin da mai mura ko tari ya tashi daga ciki, ƙarin yana da amfani.

Mataki na 4: A fitar da masu rai, a kori inuwa

Mutane, kyanwa, tsuntsun keji, shukar tukunya, duk waje. A leƙa bayan kujera da ƙarƙashin gado, domin yaro yana iya ɓuya ko barci ya ɗauke shi ba a sani ba. Abinci da magunguna a rufe su ko a fitar.

Hasken yana cin launi, yana busar da roba da fata. Zannuwan gado masu tsada, atamfa da shadda da aka rataye, hotuna, littattafai, kujerar leda, takalman fata, a lulluɓe su ko a kwashe. Sau ɗaya ba zai nuna ba, amma bayan watanni za a ga farar roba ta koma ruwan ɗorawa, wayar wuta ta fara tsattsagewa.

Sai a tsaya daidai inda za a ajiye fitilar a duba ɗakin da ido. Duk abin da ba ku hango daga nan, ita ma ba za ta gan shi ba. A buɗe durowar da ake son haskawa, a raba kayan da suka jingina da juna, a ɗage abin da ya tare wani. Gilashin taga da na kabad suna tare UV-C, haka yawancin robobi masu garau. Kofunan da ke cikin kabad mai gilashi ba abin da ya same su, ko da shuɗin hasken ya cika kabad ɗin. Madubi ma ba ya mayar da shi yadda yake mayar da hasken rana, kuma farin fentin bango shanye shi yake yi. Kada ku dogara da cewa zai daki bango ya dawo bayan kujera.

Gargaɗi: tagar da ke buɗe, ko mai raga kawai ba gilashi, tana fitar da hasken zuwa tsakar gida. A rufe ta, a saki labule mai kauri. A toshe ƙasan ƙofa da tsumma, saboda yara suna son kwanciya su leƙa shuɗin haske.

Mataki na 5: Tazara da lokaci

Nan ne ainihin aikin. Abin da ke kashe ƙwayar cuta shi ne jimlar hasken da ya sauka a kanta, wato ƙarfin haske sau tsawon lokaci. Ana auna shi da milijul a kan kowane murabba'in santimita. Bakteriya irin ta gudawa, E. coli, ƙasa da 10 yana gamawa da mafi yawanta a wuri mai santsi. Na'urorin tsabtace ruwan sha na gida masu aiki da hasken UV ana gina su a kan 40. Wasu bairos masu taurin kai, kamar adeno, sai an haura 100, fumfuna kuma ta fi haka. Don aikin gida, ku sa 40 a matsayin mafi ƙaranci.

Ga misali da dogon ƙwai na asali mai wat 30, wanda tsawonsa santimita 90 ne. A tazarar mita ɗaya yana sauke kimanin milijul 6 a minti. Kenan ana buƙatar wajen minti 7 kafin a kai 40. Amma haske yana raguwa da sauri fiye da yadda ake zato: idan tazara ta ninka biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A mita biyu sai an yi kusan minti 28. A mita uku, awa guda cur. Fitila mai wat 8 kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan take bayarwa, sai a ninka lokacin sau biyar.

Wannan lissafin na sabon ƙwai ne mai tsabta, da wurin da ke fuskantar fitilar sosai. Idan hasken a karkace yake sauka, kamar fitila a ƙasa tana haska saman tebur ta gefe, abin da ke isa wurin kaɗan ne. Shi ya sa nake ninka duk abin da lissafi ya ba ni sau biyu, in kuma ƙara minti uku zuwa biyar na farko da ƙwan ke ɗauka kafin ya kai cikakken ƙarfinsa.

A auna da tef daga fitilar zuwa abu mafi nisa da ake son tsabtacewa, a yi lissafi da wannan tazarar. Idan saman tebur ko gado ake nufi, a ɗaga fitilar ta fi shi tsawo. A ɗaki mai mita huɗu, kunnawa sau biyu ko uku a wurare daban ya fi a bar ta a tsakiya awa biyu, domin kowane sauyin wuri yana kashe inuwar da na baya ya bari. A ajiye katin gwaji a wurin da aka fi shakka, shi ne zai faɗi gaskiya.

Mataki na 6: Kunnawa

A manna kwali a ƙofa da manyan baƙaƙe, a kuma faɗa wa kowa da baki, har 'yar aiki da almajirin gida, tunda ba kowa ke karatu ba. A kulle ƙofar da makulli, a sa makullin a aljihu. Sannan a kunna daga waje, a duba agogo.

Gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci a wajenmu shi ne ɗauke wuta. Takardun kamfani ba su yin maganarsa, domin a inda aka ƙera fitilun, wuta ba ta cika yanke musu ba. Wani ɗan'uwana ya kunna tasa a falo bayan isha'i, ba a yi minti goma ba aka ɗauke wuta. Ya buɗe ƙofa, ya ce a bari sai gobe, ya manta bai zare ta daga soket ba. Zafi ya koro yaransa biyu suka shimfiɗa tabarma a falon. Da aka dawo da wuta fitilar ta kama, su kuwa suka ɗauka irin ta ado ce, suka ci gaba da hirarsu har sai da uwarsu ta shigo ta kashe. Ba wanda ya ji komai a lokacin. Wajen ƙarfe uku na dare suka farka da kuka, idanu jawur, hawaye na zuba, suna cewa an zuba musu yashi a ido, ko hasken tocila ba su iya kallo. Kwana biyu suka yi kafin suka buɗe ido sosai. Allah ya taƙaita, amma daren nan ba wanda ya runtsa a gidan.

Saboda haka, da an ɗauke wuta, abu na farko shi ne a zare filogi, kafin ma a buɗe ƙofa. Haka idan za a tayar da janareta ko a juya zuwa sola. Kuma lokacin da aka yi kafin yankewar kada a ƙirga shi, a sake daga farko.

Don ku ga girman abin: iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka sa wa idon mutum a wannan zango ita ce milijul 6 a cikin awa takwas. Mai tsaye mita ɗaya daga ƙwan nan mai wat 30 ya cinye rabonsa na yini a minti ɗaya. Idan dole sai an shiga tana kunne, to da tabarau, da safar hannu, da dogon hannu, da abin rufe fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun 2020 cewa kada a haska hannu ko wani sashe na fata da waɗannan fitilun da sunan tsabtacewa.

Mataki na 7: Kashewa da shan iska

A kashe daga waje, a zare filogi, sannan a shiga. Hasken ba ya saura a ɗaki, da an kashe ya tafi. Za a ji wani ɗan ƙauri kamar na gashi, wannan daga ƙurar da hasken ya ƙona ne. A buɗe tagogi na minti goma. Idan mai ozon ce, warin yana da kaifi, yana kama maƙogwaro. A buɗe ko'ina, a kunna fanka, kada kowa ya zauna sai bayan aƙalla rabin awa kuma warin ya gushe.

A bar ƙwan ya huce, a sauya masa wuri, a juya kayan da aka haska su nuna ɗaya gefen, a maimaita. Ku tuna fitilar ba ta barin wata kariya a baya. Hannu ɗaya mai datti ya taɓa tebur, an koma gidan jiya.

Mataki na 8: Ƙananan kaya da akwatin UV

Akwati mai murfi, wanda ke mutuwa da kansa idan an buɗe, shi ne nau'in da na fi natsuwa da shi a gida. A cire wa waya rigarta, a goge su duka da sifirit, a sa su daban-daban, a juya bayan zagaye na farko. Makullai a baza su, kada a tara. Takardun kuɗi kuwa ɓata lokaci ne, sun cika datti da lanƙwasa. A wanke hannu bayan ƙirga su.

Bulumbotin jariri a wanke da buroshi a tafasa minti goma. Hasken ba ya shiga cikin kan nonon roba da zaren murfi yadda tafasasshen ruwa ke shiga.

Masu aski, ku saurara da kyau. Tsakanin haƙoran kilifa inuwa ce zalla, cike da gashi da mai, wani lokaci da jini. Akwatin UV ba zai kare kwastoma daga ciwon hanta nau'in B ko makero ba idan daga kan wani aka ɗauko kilifar aka jefa ciki. A kakkaɓe da buroshi, a wanke bakin da sifirit ko maganin da aka yi don haka, a bar shi ya jiƙa ya bushe, sannan a ajiye a akwatin. Wurin ajiyar kayan da aka riga aka tsabtace ne. Reza kuwa sabuwa ga kowane mutum.

Mataki na 9: Kula da ƙwai

Kada a kama gilashin da hannu tsura, maiƙon yatsa yana tare haske. Duk mako, ko kullum a lokacin hunturu, a goge shi da sifirit bayan ya huce kuma an zare filogi. Ƙwai mai kyau yana yin awa 8,000 zuwa 9,000, yawan kunnawa da kashewa da wutar da ke hawa da sauka suna rage masa kwana. Yana ci gaba da bayar da shuɗin haske bayan ƙarfinsa ya ragu, don haka kati ne alƙali, a riƙa gwadawa duk bayan 'yan watanni. A ajiye shi a kwalinsa inda yaro ba zai kai ba, a rubuta a jiki. Kada a taɓa ajiye shi cikin sauran ƙwayayen gida, domin yana shiga gidan dogon ƙwai na yau da kullum daidai, kuma wani zai iya ɗaura shi a ɗaki da kyakkyawar niyya.

Idan ya fashe, akwai zaiba a ciki, kuma guba ce. Kowa ya fita, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a buɗe tagogi na aƙalla minti goma. Kada a share da tsintsiya ko injin zuƙar ƙura. A sa safar hannu, a kwashe gilashin da kwali mai tauri, a bi ɓurɓushin da salatif, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka a kwalba mai murfi. A bar ɗakin a buɗe na wasu awoyi. Kada a jefa a bolar da ake cinna wa wuta ko wadda yara ke tonawa.

Mataki na 10: Idan hasken ya taɓa ido

Ciwon iri ɗaya ne da na mai walda da ya yi aiki ba tabarau. Yakan taso bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa mutane ba su danganta shi da fitilar. A zauna a ɗaki mai duhu, a ɗora tsumma mai sanyi a kan ido a rufe, kada a murza, a sha farasitamol. Kada a ɗiga nono, ko ruwan sikari, ko ruwan albasa, kada a sa kwalli, kada kuma a sayi maganin ɗigawa a kemis da ka. Yawanci yana warkewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma a je asibitin ido, musamman idan yaro ne, ko gani ya dushe, ko ciwon ya wuce kwana biyu. A gaya wa likita fitilar UV-C ce.

Inda ba ta aiki

Katifa, filo, kafet, darduma, tabarma, labule da kujerar yadi: saman zaren kawai hasken ke taɓawa. Waɗannan wanki suke so da shanya. Rana ba ta kawo UV-C ƙasa, sararin sama yana tare shi, amma zafinta da busarwarta suna aikin da fitilar ba za ta yi wa katifa ba. Katakon yanka nama mai sawun wuƙa, turmi, muciya da tsagar da ke tsakanin tayil, su ma ruwan zafi da sabulu da buroshi ne maganinsu.

Ba ta kashe kuɗin cizo, ko kyankyaso, ko sauro. Fumfunar bango lokacin damina sai an kankare, an gyara inda ruwa ke shiga.

Idan amai da gudawa ya shiga gida, abin yi shi ne ruwan gishiri da sikari, tafasasshen ruwan sha, bilic da asibiti. Inda ake zargin fitsari ko kashin ɓera a yankin da zazzaɓin Lassa ke yawo, a jiƙa wurin da ruwan bilic kafin a kwashe, a rufe abinci, a toshe ramuka. Mai tarin fuka kuma, fitilun da ake gani a wasu asibitoci an kafa su ne can sama, da garkuwar da ke hana hasken saukowa kan mutane, kuma ƙwararru ne ke auna su. Kada a kwaikwayi wannan a gida da ƙwai tsirara. A buɗe masa tagogi biyu masu fuskantar juna, ya rufe baki idan zai yi tari, ya sha maganinsa har wata shidan ya cika, a kuma kai sauran mutanen gidan gwaji.